Yadda Tukuna Ya Zaɓo Wa Gidansa Ɗan Aike

Shagon askina yana ƙasan bene, shi kuma yana hawa na biyu, tagarsa daidai saman allon shagona. In shayinsa ya huce ya watso ta taga, a kan allona yake sauka. Don haka ina ganin ina da haƙƙin ba da labarinsa, kuma ban nemi izininsa ba, saboda in na nema cewa zai yi in bari ya yi tunani.

Tukuna muke ce masa. Ba shi ne sunan da ke kan takardunsa ba, amma ko innarsa, Allah ya jiƙanta, da shi take kiransa in ya kai ta bango. Na san shi tun yana yawo da gajeren wando da majina. Sai ta kai shi shagon kusurwa ta ce ya zaɓi alawa ɗaya, ja ko kore. Yaro ya tsaya gaban kwalaben nan ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sa yatsa a baki. Mai shago ya ce, “To, wacce?” Ya ce, “Tukuna.” Wata rana har mai shagon ya sallami mutum shida, ya share gaban shago, yaro na nan tsaye. Daga ƙarshe innar ta ja hannunsa suka tafi ba alawa, yana kuka wai ba a bar shi ya gama dubawa ba.

Ya girma, ya yi karatu mai yawa, ya sa tabarau, halin bai bar shi ba. Auren ma matarsa, Malama, ce ta gaji da jira. Malamar makarantar firamare ce, gajera, mai saurin tafiya. Ya yi shekaru yana raka ta tashar bas yana yi mata bayanin kwamfuta. Ran nan bas ta taho, Malama ta sa ƙafa ɗaya a ciki ta waiwayo ta ce, “Na gaya wa babana kana zuwa ganinsa ranar Asabar.” Ya buɗe baki zai faɗi kalmar tasa, ƙofar bas ta rufe. Yanzu ’ya’yansu biyu.

Da rana yana aiki a wani kamfanin sayar da tayil, yana kula musu da kwamfutoci. Can ba shi da matsala, don akwai oga a kansa da ke cewa yi kaza. Matsalar tana inda shi ne ogan.

Tun yana saurayi ya ƙirƙiro wata manhaja ta gina shafukan intanet. Ni karatuna bai wuce in rubuta sunana in karanta saƙon waya ba, amma mutum ya yi shekara goma sha yana zaune a kujerarka, kana riƙe da kansa yana yi maka bayani, dole wani abu ya shiga. Ga yadda na gane. Kai ka rubuta abin da kake so mutane su karanta, ka zuba wa manhajar, ita kuma ta buga maka shafukan gaba ɗaya a ajiye, kamar yadda ake buga bulo a shanya. Duk wanda ya zo sai ya ɗauki wanda ya riga ya bushe, ba sai an kwaɓa masa sabo ba. Ya sake ta kyauta. Kyauta fa. Na ce, “Injiniya, to me kake samu?” Ya ce ana gode masa. Na ce ni ma daga yau zan riƙa aski a gode mini, in ga ko Allah zai sa in yi ƙiba.

Amma abin ya karɓu. Mutane daga ƙasashen da ko a labarai ban taɓa jin sunansu ba suka fara amfani da ita. Wasu suka fara rubuta ƙananan manhajoji suna liƙa mata, su ake cewa fulogin: wannan ya ɗauko hotuna, wannan ya ɗauko yanayin gari, wannan ya ɗauko sharhin masu karatu. Ni ’yan haya nake ce musu, don a gidansa suke zaune. Kowa zai iya kawo gyara, amma babu gyaran da ke shiga sai Tukuna ya amince, don makullin yana hannunsa shi kaɗai. Wannan makulli shi ne abin alfaharinsa a duniya. A kamfanin tayil shi ne wanda ake kira in firinta ta cije takarda. A unguwa shi ne mijin Malama. Amma in ya hau bene ya buɗe kwamfuta, shi ne mai gida, ɗaruruwan mutane na jiran ya ce e ko a’a. Ku yi tunanin wanda Allah ya ɗora wa wannan aiki.

To, rigimar ta taso ne a kan ɗan aike.

Kusan kowane fulogin yana bukatar ya aika waje a ɗauko masa wani abu daga intanet. Abin da ke zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya karɓo saƙo ya dawo, su suna da dogon suna da suke kiransa, laburaren ec-ti-ti-fi. Tukuna da kansa ya ce in kira abin ɗan aike, daidai ne. Damuwar ita ce kowane ɗan haya da nasa ɗan aiken yake shigowa. Gida ya cika da ’yan aike, suna karo a ƙofa, manhaja ta yi nauyi, in wani abu ya lalace ba a san na wa ba ne. Sai aka ce a zaɓi guda ɗaya ya zama na gida: duk wanda bai ambaci wani ba, shi za a tura.

’Yan takara biyu ne. Akwai Tsoho, wanda kowa ya sani, ba ya ɓata hanya, sai dai nauyin jiki, kuma in ya shigo gidanka sai ya taho da danginsa kaf, su ma ka ba su wurin kwana. Akwai Sabo, mai sauri kamar an koro shi, amma duk bayan ’yan watanni sai masu shi su sauya yadda ake yi masa magana, ka koma koyo daga farko. Ni na raɗa musu waɗannan sunaye, kuma har Malama da su take kiransu.

Ranar da ya fara gaya mini, ina cikin gyara masa ƙeya, na ce, “To ka zaɓi ɗaya mana.”

Ya dube ni ta madubi kamar na zagi wani nasa. “Kawu, ba haka ake yi ba. Sai an buɗe tattaunawa.”

Ya buɗe. Kuma akwai wata doka da shi da kansa ya kafa tun farkon manhajar, yana ji da ita kamar ’yar fari: ba a yanke hukunci sai an yi mako guda cur babu wanda ya ƙara magana. In wani ya tofa ko kalma ɗaya ce, mako ya koma farko. Ya ce wannan shi ne adalci, don kada a danne kowa. Ni kuwa na ce wannan ba adalci ba ne, wayo ne, ya samo hanyar da zai sa duniya ta riƙa cewa tukuna a madadinsa.

Mutanen nan kuma ba su san shiru ba. Wani ya rubuta shafi uku yana yabon Sabo, da zane-zanen gudu. Wani ya mayar masa da shafi biyar. Ba sa ɗaga hannu in za su yi ƙuri’a, wani ɗan hoton babban yatsa suke dannawa, sama ko ƙasa. Tukuna ya riƙa zama a kujerata da waya a ƙarƙashin ƙyallen aski yana ƙirga yatsu. In shiru ya kusa cika mako, sai wani da ya farka daga barci a wata ƙasa ya shigo ya rubuta, “Ina aka kwana a maganar nan?” Shi ke nan, mako ya koma farko. Na lura duk ran da haka ta faru Tukuna har wani sauƙi yake ji, ya sauko yana fito.

Aka ci shekara. Aka shiga ta biyu. A cikin wannan lokaci na sauya kujerun shago, mai gadin benenmu ya aurar da ’yarsa har ta haihu, aka fasa titinmu aka sa bututu aka rufe. Duk wanda ya shigo aski ya san labarin. Direban tasi da ke zuwa duk Juma’a ya zama ɗan Sabo, mai gyaran firji ya tsaya wa Tsoho, su biyun ba wanda ya taɓa taɓa kwamfuta. In Tukuna ya wuce sai su ɗaga murya, “Injiniya, an aika ko ana neman takalmi?” Ya yi murmushin yaƙe ya haye bene.

A cikin masu taya shi aiki akwai wata da ta fi kowa. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarta, hoton kyanwa ta sa a maimakon nata, don haka Kyanwa muke ce mata. Ita ke gyara yawancin abin da ya lalace, ita ke amsa wa sababbin shiga. Ba ta da dogon rubutu. In wasu sun yi shafi biyar, ita layi ɗaya take yi, kuma layin nan sai ya fi shafi biyar ɗin ciwo. Ita ce ta gaji ta rubuta a gaban kowa: in wata ya ƙare bai zaɓa ba, za su kwafi manhajar su koma gefe su ci gaba ba shi.

Na ce, “Su kwafa? Ba sata ba ke nan?”

Ya ce a’a, a sana’arsu halal ne, shi da kansa ya rubuta cewa kowa na iya kwafa. Wato kamar a ce ’yan haya su ɗauki hoton gidanka, gobe ka tashi ka ga irinsa sak a tsallaken titi, har da tsagar bango, kowa ya kwashe kayansa ya koma can. Kai a bar ka da sunan gida da makulli.

Daga ranar Tukuna ya daina fito.

Da yammacin wata Lahadi Malama ta leƙo shago, jakar littattafan ɗalibai a kafaɗa. Ba ta shigowa, a bakin ƙofa take tsayawa saboda gashi.

“Kawu, don Allah ka yi wa ɗanka magana.”

“Me ya yi kuma?”

“Ai da ya yi wani abu da na gode Allah. Jiya na zuba masa abinci, ya tasa shi gaba yana cewa kowanne da amfaninsa. Na ce wa? Ya ce Tsoho da Sabo. Ƙaramar ta tambaye shi lissafi, ya ce mata ya danganta.”

“Ke da kika iya da shi a tashar bas?”

“Wancan ni abin ya shafa. Wannan na ce masa ya jefa kwabo sama, in ya faɗi ta kai Tsoho, in ta gindi Sabo. Ya ce sai an tattauna wane kwabo.”

Da ya sauko aski na rufe ƙofar shago, na juya kujerar ya fuskance ni maimakon madubi. Na ce, “Ɗana, tsakaninka da Allah, ba ka san wanda ya fi ba?”

Ya cire tabarau ya goge da ƙyallena. Ya ce, “Na sani, Kawu. Tsoho ne. Tun makon farko na sani.”

Saura kaɗan almakashi ya faɗi daga hannuna. “To uban me kake jira?”

“In na ce Tsoho, ’yan Sabo za su ji haushina. Akwai wanda ya yi wata biyu yana gwaje-gwaje. Akwai wanda ya taɓa turo mini gaisuwa da aka yi mini haihuwa. Ya zan dubi idonsu?”

“Wane ido? Kai da ka ce hoton kare da na keke suke sawa?”

Bai yi dariya ba. A nan na gane ciwon. Ba rashin sani ke damunsa ba. So yake ya riƙe makulli kuma kada mutum ɗaya a duniya ya ɓata rai da shi. Na ce masa ni da nake aski kawai, a kowace rana sai wani ya fita yana ganin na ci masa gefe. Ya ce aski daban. Na ce to, na juya kujera.

Ana saura ’yan kwanaki wata ya ƙare, da safe ina share gaban shago, sai na ji ana saukowa bene da gudu, takalmi na faf-faf. Tukuna ne, bakinsa har kunne, riga a karkace.

“Kawu, na samo! Na uku!”

Ya tura mini waya a fuska. Ya ce kowane ɗan aike yana da wurin da masu amfani da shi ke rubuta ƙorafi. Ya nuna mini na Tsoho, ƙorafi ya fi dubu, kana ja ƙasa ba ya ƙarewa. Ya nuna na Sabo, ɗaruruwa, har da zagi. Sannan ya buɗe na ukun. Fari fat. Ko ɗaya babu.

“Shekara bakwai da yin sa, Kawu, ba wanda ya taɓa kuka da shi. Ga shi ƙarami, ba dangi, ba hayaniya. Kuma ba na ’yan Tsoho ba ne, ba na ’yan Sabo ba, don haka ba wanda zai ce na fifita wani a kansa.”

Ni me na sani? Na ajiye tsintsiya na rungume shi. Na ce wa mai gyaran firji ya zo ya ga abin al’ajabi, Tukuna ya yanke shawara. Muka raɗa wa sabon suna Shiru. A ranar ya sanar, ya shigar da shi cikin manhaja, ya sake ta ga duniya. Ko makon nan nasa na doka bai jira ba. Mutumin da ya yi shekara arba’in yana taka birki, rana ɗaya ya saki, kuma a kan gangara.

Kafin azahar Kyanwa ta yi layinta ɗaya: “Mutum nawa ke amfani da shi?”

Akwai wurin da ake duba wannan ma, ashe. Tukuna bai duba ba, murnar farin shafi ta rufe masa ido. Wani ya duba ya kawo amsa. Mutum biyu ne a duk duniya. Ɗaya wanda ya rubuta shi. Ɗayan kuma Tukuna, tun safiyar nan.

Direban tasi da ya ji sai da ya kwanta a bencina don dariya. Ya ce shi ma akwai wata mota a bayan gidansu, shekara bakwai ba ta taɓa yin haɗari ba, ba ta da taya ne.

Abin da shekara biyu ba ta yi ba, Tukuna ya yi shi a yini ɗaya: ya haɗa kan ’yan Tsoho da ’yan Sabo. Mutanen da ba sa ga maciji suka zama uwa ɗaya uba ɗaya a kansa. Yatsu suka yi ta sauka, duk suna kallon ƙasa. Wanda ya taɓa turo masa gaisuwar haihuwa shi ya fi kowa dogon rubutu.

Sannan Shiru ya fara nuna hali. Ashe in aka aike shi wani wuri ya tarar da sanarwa cewa an tashi, an koma adireshi kaza, ba ya bi. Sai ya dawo da sanarwar a hannu a matsayin saƙo. Shafukan mutane suka cika da “an koma gaba” a inda ya kamata hoto ya fito. Wannan ma da sauƙi. Babban abin shi ne in ya ƙwanƙwasa ƙofa ba a amsa ba, ba ya dawowa. Tsoho da Sabo in sun jira kaɗan sai su juyo su ce ba kowa. Shi Shiru tsayawa yake. Manhaja gaba ɗaya ta tsaya tana jiransa, mai shafi ya tsaya yana jiran manhaja. Wani ya rubuto cewa ya kunna tun jiya, ya je aiki ya dawo, har yanzu tana juyawa.

Da Tukuna ya gama yi mini wannan bayani na ce, “Tsaya. Ya je bakin ƙofa ya tsaya, ba ya shiga, ba ya dawowa, sai wani ya zo ya ja hannunsa?”

“E.”

“Injiniya, ai ba baƙo ka ɗauko ba. Ɗan uwanka ne na jini.”

Bai kula ni ba, don a lokacin wani saƙo ya shigo masa, ya tsaya karantawa. Na ga fuskarsa ta saki, sannan ta sake ɗaurewa. Na ce ya karanta da ƙarfi. Daga wanda ya rubuta Shiru ne, wani dattijo mai hoton kwalekwale. Ya ce ya yi shekaru yana jiran ranar da wani zai ga darajar aikinsa, har ya fid da rai. Ya ce yau da ya tashi ya ga ƙorafi arba’in a shafinsa sai da ya yi ƙwalla, don ba a taɓa rubuta masa komai ba. Ya ce shi ya tsufa, idonsa ba ya ganin ƙananan haruffa, kuma tun da Allah ya kawo wanda ya yarda da Shiru fiye da shi kansa, ya riga ya mayar da makullin da sunan Tukuna. Ya yi masa addu’a mai tsawo. Ya ce kada a neme shi, zai koma bakin ruwa.

“Ka mayar masa,” na ce.

“Ya rufe akwatin saƙonsa.”

“To ka yar.”

“Kawu, mutumin ya yi kuka fa.”

Ko ƙarshen wata Kyanwa ba ta jira ba. Suka kwafi manhajar, suka sa mata sabon suna. A yammacin da suka buɗe ta rubuta cewa ɗan aiken gida Tsoho ne, wanda bai so ba ya kawo nasa. ’Yan Sabo suka yi gunaguni na kwana biyu, ɗaya ya yi fushi ya fita, ya dawo da kansa. Shi ke nan. Abin da Tukuna ya sani tun makon farko, wata mai hoton kyanwa ta faɗe shi a layi ɗaya, kuma sama ba ta faɗo ba. ’Yan haya suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yi sallama, da yawa ba su yi ba. Tukuna ya zauna a sama da makulli biyu, na gidan da ba kowa da na ɗan aiken da ba mai aikensa.

Ya rame a ’yan watannin nan, ban ɓoye ba. Na rage tsokanarsa da kusan rabi. Direban tasi ma na ce masa ya bar yaron nan ya sha iska. Kullum in ya dawo daga wurin tayil sai ya hau ya zauna yana koya wa Shiru bin adireshi da dawowa gida, don ya ce amana ce. Na ce amanar wa, mutumin yana can yana kama kifi. Ya ce duk da haka.

Makarantar su Malama tana da shafi, inda ake sa ranar komawa hutu da hotunan yara. Shi ya gina musu tun da daɗewa, a kan manhajarsa. Ran nan shugabar makaranta ta ce shafin ya ƙi sabuntawa, iyaye na ta kira. Malama ta dawo gida, ta ajiye jaka, ta ce masa a mayar da shafin gidan Kyanwa. Ni ina kan matakala ina taya mai gadi ɗaukar tukunyar gas, ƙofarsu a buɗe, ba laɓe na yi ba.

“Ke ma?” ya ce.

“Ni ma. Baban yara, ina son ka, amma jarrabawa saura mako biyu.”

“Na kusa gama gyaran Shiru.”

“Allah ya ba da sa’a. Kai za ka mayar ko in nemi wani?”

Shi ya mayar da hannunsa. Da ya shiga gidan nasu yana aikin, idonsa ya faɗa kan wani kuskure da ba wanda ya lura da shi, a wani lungu da shi ya gina tun yana saurayi. Hannunsa ya yi ƙaiƙayi. Ya gyara, ya tura musu kamar kowane baƙo, ya shiga layi yana jiran mai makulli ta duba.

Washegari na gamu da shi a matakala, ya tsaya tsakanin hawa na ɗaya da na biyu da waya a hannu, fuska a murtuke.

“Lafiya, Injiniya? Ta ƙi karɓa?”

“Ta karɓa.”

“To?”

“Cikin awa ɗaya, Kawu. Ba ta tambayi kowa ba. Ba ta buɗe tattaunawa ba. In da wani yana da ja fa?”

“Akwai mai ja?”

“Babu. Amma ai ba a sani ba.”

Na ce ya nuna mini abin da ta rubuta. Ya juyo wayar. Layi ɗaya ne kamar kullum: “An shigar. Akwai irinsa guda uku a wancan lungun, in kana da lokaci.”

“Ka ga rashin kunya?” ya ce. “Aike na take yi.”

“Za ka je?”

Ya mayar da wayar aljihu, ya gyara tabarau, ya ce shi ba yaron kowa ba ne, manhajar nan shi ya haife ta. Ya wuce ni ya hau sama yana huci. Kafin in gama saukowa na ji ya leƙo ta saman matakala.

“Kawu, in Malama ta dawo ka ce mata kada a jira ni cin abinci. Na biyun yana da ɗan wuya.”